Neman shawara: iska na shigowa ta ƙofar gareji, sanyi ya hana yara barci

Baban 'Yan Biyu, Winnipeg:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka riga mu sanin sanyin ƙasar nan. Bana ne hunturunmu na farko a gidan da muka koma, da can a bene muke haya, babu ruwanmu da gareji. To gidan nan garejinsa a jikin gida yake, ɗakin yara kuma a samansa. Tun shigowar Nuwamba yaran ke kukan sanyi. Uwarsu ta ƙara musu bargo, ta sa musu safa, amma idan ka taka ƙasan ɗakin da asuba kamar ƙanƙara ka taka. Shekaranjiya da aka kwana ana iska na sauka gareji bayan sallar asuba, sai na tarar dusar ƙanƙara ta shigo ta kusurwar hagu ta ja layi a kan siminti kamar an barbaɗa garin masara, har kusa da tayar mota. Na durƙusa na duba robar da ke ƙasan ƙofar, ta bushe ƙamas, ta tsage wuri biyu, gefe ɗaya ma ta janye ta bar kafar da yatsuna uku za su shiga. Ƙofar irin mai hawa sama da inji ce, faɗinta ƙafa 16, tsayinta ƙafa 7. Aikin da zan iya yi da hannuna ne ko sai na kira masu gyara? Kuma wace irin roba zan saya? Na shiga Home Depot na ga iri-iri har kaina ya ɗaure, na fito hannu rabbana.

Kawu na Calgary:
Wa alaikumus salam. Sannu da fama, Allah ya raya mana 'yan biyu. Kafin ka kashe ko sisi, ka fara gano duk inda iskar ke bi, don da wuya a ce ƙasa ce kaɗai. Da rana tsaka ka shiga garejin, ka sauke ƙofa, ka kashe fitila, ka ɗan tsaya har idonka ya saba da duhu. Duk inda haske ya leƙo, nan iska ke shiga. Inda hasken bai tona ba, ka kunna turaren tsinke ranar da ake iska ka bi gefen ƙofar da shi sannu a hankali, za ka ga inda hayaƙin ke karkata. In kana da jarkar fetur a wurin ka fitar da ita tukuna.

Ka lura da ƙasan ƙofar, da gefe biyu da sama inda take jingina da katakon firam. A gefen akwai wani zirin katako ko na roba mai tauri da aka kafa da ƙusa, yana da leɓe mai laushi da ke kwanciya a jikin ƙofar idan ta sauka. Shi ma rana na cinye shi. Nawa sai da ya kai ina taɓa shi yana karyewa kamar busasshen ganye.

Aikin ƙasan kuwa za ka iya, amma ka nemi mutum na biyu. Kuma kada ka koma kanti sai ka yanko guntun tsohuwar robar ka tafi da shi a aljihu.

Baban 'Yan Biyu, Winnipeg:
Na gode Kawu. Me ya sa sai na tafi da guntun? Na ɗauka in dai tsawon ya kai ƙafa 16 shi ke nan.

Injiniya, Minneapolis:
Bari in shigo nan, don wannan kuskuren ne ke sa mutane zirga-zirga kanti sau uku. A ƙasan ƙofarka akwai dogon ƙarfen alminiyam mai siraran hanyoyi, yawanci guda biyu, a cikinsu ake zura bakin robar. Bakin nan ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai siffar harafin T, shi ya fi yawa, kuma shi ma girma biyu ne, mai rubu'in inci da mai 5/16 na inci. Akwai mai baki zagaye kamar ƙwayar carbi. Akwai kuma mai hanya ɗaya tak. Idan ka sayi wanda ba nasa ba, ko dai ya ƙi shiga, ko ya shiga sako-sako ya zame bayan mako ɗaya. Shi ya sa Kawu ya ce ka je da samfur ka gwada ido da ido.

Sai faɗin robar. Ana sayar da mai inci 3, da 4, har da 6. Idan aka zura bakinta biyu sai ta lanƙwashe ta yi ciki kamar kwarya, wannan cikin ne ke matsewa a ƙasa. Inda siminti bai daidaita ba mai faɗi ta fi rufewa. Tunda ka ce kusurwar hagu ce ta buɗe, ina zaton simintinka ya ɗan nitse a wurin. Ƙasar Winnipeg laka ce mai kumburi da tsukewa, ga ƙanƙara da ke ɗaga ƙasa kowace shekara, daɓen gareji kan karkace.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne irin robar kanta. Mai araha da ake kira binil tana sandarewa idan sanyi ya yi tsanani, ta zama kamar tiyo da aka bari a waje, ba ta bin ƙasa. Ka nemi wadda aka rubuta EPDM a jikin ledarta. Ita tana riƙe laushinta har wajen digiri 40 ƙasa da sifili. Ku da kuke ganin 30 ƙasa da sifili a Janairu, bambancin kuɗin bai kai wahalar sake aikin ba.

Direban Tirela, Edmonton:
Duk gaskiya ne, amma ni abin da ya raba ni da matsalar nan shi ne robar dokin ƙofa, wadda ake mannawa a kan siminti da gam, ƙofa ta sauko ta zauna a kanta. Tudunta bai wuce rabin inci ba, mota na hawa ba ka ma ji. Tun da na sa ta ko ganye bai sake shigowa ba. Malam Baban 'Yan Biyu, ka haɗa biyun, ka huta gaba ɗaya.

Kawu na Calgary:
Alhaji, a nan kam ban goyi bayanka ba. Na sa irinta, bayan hunturu ɗaya na ɓamɓare ta. Daɓen gareji da gangan ake karkata shi zuwa bakin ƙofa don ruwa ya fita. Ka shigo da mota da dusar ƙanƙara danƙare a ƙarƙashinta da gishirin titi, ta kwana ta narke, ruwan ya gangaro, ya tarar ka gina masa madatsa. Sai ya kwanta a bakin ƙofa. Dare ya yi ya daskare, robar ƙofa ta manne da ƙasa. Da safe ka danna inji, ko ya yage sabuwar robar, ko ya yi ta gurnani ya kasa ɗagawa. Ni a gabana tawa ta yage.

Direban Tirela, Edmonton:
Kawu, ai wannan rashin sharewa ne, ka yi haƙuri. Ni ina da abin jan ruwa mai bakin roba a jingine, kafin in rufe ƙofa da dare nakan ja ruwan waje, minti biyu. Kuma garejina yana da magudana a tsakiya. Wanda titin gidansa ya gangaro zuwa gareji fa? Ruwan bazara zai shigo masa har cikin kwalaye idan babu wannan tudun.

Injiniya, Minneapolis:
Ai kowannenku garejinsa yake bayyanawa. Alhaji yana da magudana, Kawu ba shi da ita. Mai tambaya ya zuba bokitin ruwa ɗaya a tsakiyar garejinsa ya ga inda ruwan ya nufa, amsarsa ke nan. Kuma ko ya yanke shawarar sawa, ba yanzu ba. Gam ɗin yana son busasshen siminti mai ɗan ɗumi kafin ya kama, a sanyin nan ɓarnar kuɗi ce. Ya jira Mayu.

Hajiya Maman Gida, Toronto:
Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, amma akwai abin da ba a taɓo ba, kuma ni shi ya fi tayar min da hankali. Baban 'Yan Biyu, don Allah kana kunna mota a cikin garejin nan da safe ta yi ɗumi kafin ka fita? Ina tambaya ne don ɗakin yara ne a sama. Hayaƙin mota yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, ba ta da wari, ba ta da launi, mutum sai dai ya ji ciwon kai da jiri da kasala. Yanzu garejinka duk kafofi ne, iska na ratsawa tana kwashe wani abu. Ranar da ka toshe ko'ina, hayaƙin ba shi da mafita sai cikin gida.

Mu a gidanmu sai da ƙaramar 'yata ta yi kwanaki tana tashi da ciwon kai, muna ta ba ta magani muna cewa mura ce. Maƙwabciyarmu ce ta tambaye ni ko muna da ƙararrawar gano iskar nan kusa da ɗakunan kwana. Akwai ta, amma batirinta ya mutu ba mu sani ba. Muna canzawa, washegari maigida ya tada mota, ba a jima ba ta hau ƙara a saman bene. Har yau idan na tuna jikina yana sanyi. A nan Ontario tun 2014 doka ta wajabta sa ƙararrawar a duk gidan da ke da gareji a jikinsa ko abin da ke ƙona gas.

Baban 'Yan Biyu, Winnipeg:
Subhanallahi. Hajiya, ina kunnawa, ba zan ɓoye ba. Amma nakan ɗaga babbar ƙofar gaba ɗaya tukuna. Na ɗauka hakan ya wadatar.

Direban Tirela, Edmonton:
Ni ma haka nake yi shekara da shekaru, ƙofa a buɗe wayam, ban taɓa ganin komai ba. Kada a tsorata bawan Allah. A sanyin nan ba za ka tada mota ka fizge ta nan take ba.

Injiniya, Minneapolis:
Alhaji, da girmanka, amma wannan maganar ba zan bari ta wuce ba, don rai ne a ciki. Buɗe ƙofa ba ya wadatarwa. Da hunturu iskar ɗumi ta cikin gida tana hawa sama tana sulalewa ta rufi, gidan kuma sai ya zuƙo wata ta ƙasa ta maye gurbinta. Gareji na cikin wuraren da yake zuƙowa, ta ƙarƙashin ƙaramar ƙofa, ta ramukan wayar lantarki, ta inda bututu ya huda bango. Ga shi injin da ya kwana cikin sanyi a mintunan farko ya fi fitar da wannan iskar, kafin abin tace hayaƙi na salansa ya yi zafi ya fara aiki. Kana fita ka sauke ƙofa, ka kulle ragowar hayaƙin a ciki, gida ya yi ta shan sa kaɗan-kaɗan har tsawon sa'o'i. Rashin ganin komai ba shaida ba ce, tunda abin ba ya ganuwa. Ka tada mota, ka fito da ita waje nan take, ta yi ɗuminta a can. In don sanyin inji ne, ai ku a Edmonton da Winnipeg kusan kowace mota tana da wayar ɗumama inji a gaba, a jona ta da wuta kafin asuba.

Kuma wannan ya kawo ni kan abin da ya kamata in fara faɗa tun farko. Ƙofar da ta fi muhimmanci a garejinka ba babbar ba ce, ƙaramar nan ce da ke shiga cikin gida. Dokar gini ta Kanada ta ce dole ta zama mai matsewa sosai, da roba kewaye da ita, da abin da zai sa ta rufe kanta. Ka sa takarda tsakanin ƙofar da firam ka rufe, ka ja. In ta zare ba tare da ka ji ta riƙe ba, robar ta gama aiki. Ka gwada sama, da gefe, da ƙasa.

Direban Tirela, Edmonton:
To, ban san da batun zuƙowar nan ba. Zan duba ƙararrawarmu in na sauka daga hanya jibi in sha Allah. Amma kan robar dokin ƙofa ina nan a kan bakana.

Mai Walda, Kano:
Ranku ya daɗe mutanen turai, muna jin ku daga gida. Mu ba dusar ƙanƙara ke damunmu ba, ƙurar hunturu ce. Daga Disamba zuwa Fabrairu idan iskar nan ta taso daga arewa maso gabas, ka wanke mota da yamma ka rufe gareji, da safe ka rubuta sunanka da yatsa a kan gilashi. Ƙofofinmu na ƙarfe ne, mu muke ƙera su, kuma dole mu bar rata a ƙasa don kada su riƙa gogar siminti. Abin da nake wa masu gida shi ne in samo tsohon bel na injin niƙa ko na masana'anta a Ƙofar Ruwa, in yanka zirin inci huɗu, in matse shi da zirin ƙarfe mai faɗi da noti a ƙasan ƙyauren, ya riƙa share ƙasa. Tub ɗin taya ma yana yi amma rana na cin sa da wuri. Yana hana ƙura, yana hana ɓera da kunama, kuma da damina yana rage feshin ruwa.

Maganar Hajiya kuwa ta fi shafar mu. A nan janareta ake sawa a gareji saboda tsoron ɓarayi, a rufe a kwanta. Kowa a ƙasar nan ya taɓa jin labarin iyalin da aka wayi gari babu wanda ya tashi. Ni duk wanda ya ce in toshe masa ƙofar gareji sai na tambaye shi ina janaretansa yake kwana. Idan ya ce ciki, nakan ce sai dai in fara ƙera masa keji a waje, nesa da taga. Wasu su yarda, wasu su tafi wajen wani.

Hajiya Maman Gida, Toronto:
Allah ya yi wa sana'arka albarka Malam. Hukumar lafiya ta CDC a Amurka cewa take a ajiye janareta aƙalla ƙafa 20 daga gida. Zan tura wa ƙanina maganarka, shi ma a gareji yake sa nasa.

Kawu na Calgary:
Batun ɓera da Malam ya kawo, ku ma na nan ku kula. Ɓeran gida kafar da ba ta wuce rubu'in inci ba ta ishe shi, kuma kusurwar robar ƙasa yake fara ci. Masu ajiye buhun shinkafa da gari a gareji, ku nemi durom mai murfi.

Baban 'Yan Biyu, ga yadda za ka yi aikin. Ka zaɓi ranar da sanyi ya ɗan sassauta, robar kuma ta kwana a cikin gida don ta yi laushi. Ka ɗaga ƙofa daidai ƙirjinka, ka zare wayar injin daga wuta don kada wani ya danna. Bakin hanyoyin nan galibi an ɗan matse shi da filaya, ka buɗe da sukurudireba. Ka zare tsohuwar, in ta ƙi ka yanka ta gunduwa-gunduwa. Ka wanke hanyar da tsohon buroshin haƙori, za ka sha mamakin yashi da gishirin da ke ciki. Sai ka shafa ruwan sabulun wanke-wanke, mutum ɗaya yana turawa, ɗaya yana ja. Kada ka miƙar da ita da ƙarfi, don za ta koma ta bar maka kusurwa a buɗe. Ka bar rarar inci biyu kowane gefe ka cusa ciki. Man giris ko baƙin mai kada su taɓa ta, suna kumbura roba. Feshin silikon ne nata, shi ke hana ta mannewa da ƙanƙara.

Abu ɗaya kuma, ina roƙonka da girman Allah. A kusurwar ƙasa ta kowane gefe akwai wani ƙarfe da igiyar waya ke maƙale da shi. Kada ka kwance notinsa ko da ya tare maka hanya. Wayar nan tana ɗaure da babban sifirin, wato murɗaɗɗen ƙarfen da ke sama, nauyin ƙofar gaba ɗaya yana kansa. Idan ya ƙwace yana iya karya hannu ko ya fasa fuska. Duk abin da ya shafi sifirin da waya, na masu sana'ar ne.

Injiniya, Minneapolis:
Ƙari kan na Kawu: zirin gefe idan za ka canza, ƙofa a rufe ake kafa shi, a fara da na sama, a tura har leɓen ya ɗan lanƙwasa a jikin ƙofa, ba a danne shi ba. Sannan kada in bar ka da dogon buri. Roba za ta hana iska da dusar ƙanƙara, garejin zai ɗan fi da ɗumi, amma ba za ta mai da ɗakin yara kamar sauran ɗakuna ba idan audugar hana sanyi da ke tsakanin silin gareji da ƙasan ɗakin ta yi kaɗan ko ta zame. Ɗakin saman gareji ya yi ƙaurin suna a kan haka. Ka fara da mai araha, ka ga abin da ya rage.

Baban 'Yan Biyu, Winnipeg:
Jama'a, na dawo da rahoto, Allah ya saka wa kowa da alheri. Ranar Asabar muka yi aikin ni da wani ɗan'uwa da muke masallaci ɗaya. Bakin robar T ne mai 5/16, da na saya da ka da na yi kuskure. Na ɗauki EPDM mai inci 4. Zare tsohuwar ya fi sa sabuwar wahala, sai da muka yanka ta gida shida. Da muka gama, kusurwar hagu ta ci gaba da nuna ɗan haske, sai mai kantin ya ba ni shawarar in cusa igiyar soso mai kauri a cikin cikin robar ta wannan gefen kawai, tsawon kamu uku. Hasken ya ɓace.

Da na mayar da wuta, ƙofar na taɓa ƙasa sai ta koma sama, sau uku tana haka. Na karanta littafin injin, na rage iyakar saukarta kaɗan tunda sabuwar robar ta fi kauri, ta zauna. Na kwantar da guntun katako a ƙasa na gwada, tana taɓa shi ta juya, alhamdulillahi.

Injiniya, ƙaramar ƙofar nan da ka ce in duba, ashe babu roba ko kaɗan a ƙasanta, na sa hannu na ji iska na wucewa kamar fanka. Takarda kuwa ta zare ta kowane gefe. Na canza duka, na ɗaura hinji mai sifirin da ke rufe ta da kanta. Ƙararrawa guda ɗaya ce a gidan, can ƙasa kusa da tukunyar ɗumama gida. Na sayo biyu, ɗaya a bakin ɗakin yara, ɗaya a bakin namu. Mota kuma tun Lahadi a waje take ɗumi.

Ɗakin ya yi sauƙi, yaran sun daina farkawa da dare, amma ƙasan har yanzu da sanyi ta ɓangaren taga. Na zuba bokitin ruwan, ya nufi bakin ƙofa kai tsaye, saboda haka Alhaji ka yi haƙuri, ba zan sa ta dokin ƙofa ba. Injiniya, idan zan duba audugar nan, ta silin gareji ake buɗewa ko ta cikin ɗakin?

Injiniya, Minneapolis:
Ta silin gareji, amma kada ka fasa komai tukuna. Allon silin nan shi ne katangar da ke tsakanin hayaƙi da wuta da ɗakin yaranka, duk ramin da aka huda dole a mayar a liƙe shi tsaf. Ka fara nemo wanda zai zo da kyamarar auna zafi da sassafe, ta nuna maka daidai inda sanyin yake, sai a buɗe wurin kaɗai. Ka turo hoton idan an ɗauka mu duba tare.